Kafin Ka Sayi Akwatin Gilashi, Fara Auna Bokitinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tumfure, cikin Gombe. Ina shirin farfasa banɗakin da ke tsakanin ɗakin yara da wani ɗaki in sake shi gaba ɗaya, domin tayil ɗinsa ya tsufa, bangon ɗakin yara kuma ya fara kumbura daga ƙasa. Na auna cikinsa, faɗi ƙafa 5, tsawo ƙafa 8, ƙofar tana ta ɓangaren faɗin, gidan kuma ba bene ba ne. Fulamba ya ce in sayo akwatin wanka na gilashi mai santimita 80 da 80 a kafa a kusurwa, wai shi ake yayi. Mai ɗakina ta ce ko bokiti ba zai ɗauka ba, balle ta yi wa yara wanka a ciki. Ga shi mahaifiyata za ta dawo wurinmu da zama, tana fama da ciwon gwiwa, kuma wannan banɗakin za ta riƙa shiga. Tankinmu yana kan ƙarfe mai tsawon ƙafa 10, wani lokaci kuma sai mun sayi ruwan tanka. Wane girma ya kamata wurin wankan ya kai? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya ba ka ladan riƙonta.

Mai ɗakinka ce ke da gaskiya. Kada ka sayi akwatin nan. Ka yanke santimita 90 daga ƙuryar banɗakin, bango zuwa bango, ya zama wurin wanka mai 90 da 150. Ga dalili, ga kuma yadda za a yi aikin kada a ɓata maka shi.

Lambar 80 da 80 da ake rubutawa a jikin kwali awon waje ne. Idan ka cire kaurin ƙarfen da ke riƙe gilashin da bakin farantin da ake tsayawa a kai, abin da zai rage a ciki bai fi 73 zuwa 75 ba. In kuwa irin mai zagayayyen gaba ne, wanda ƙofofinsa ke zamewa, to an ƙara yanke masa kusurwa guda, kuma ƙofar shigarsa da ƙyar take wuce rabin mita. Yanzu ka tashi tsaye ka ɗora hannayenka biyu a ka kamar kana cuɗa gashi, ka sa a auna daga gwiwar hannun dama zuwa ta hagu. A wurin babban namiji za a samu wajen santimita 90. Ka ga kenan tun kafin a kawo bokiti, gwiwar hannu ta fara dukan gilashi. A Amurka, inda aka rubuta ƙa'idar gini dalla-dalla, mafi ƙanƙantar wurin wanka da aka yarda da shi a gida shi ne inci 30 da 30, wato santimita 76 kowane gefe, kuma su kansu sun ɗauke shi iyakar da ba a sauka ƙasa da ita ne kawai. Ga mai lalurar ƙafa da zai zauna ya yi wanka, ƙa'idarsu ta ce inci 36 da 36, kusan 91 da 91, mai shiga da keken guragu kuwa inci 30 da 60. Duk wannan lissafin na mutumin da ruwa ke zubo masa daga shawa ne.

Mu kuwa wankanmu daban ne, kuma nan ne masu sayar da akwatin ba sa kai tunaninsu. Ko a gidan da ke da shawa, rabin wankan da bokiti ake yinsa: ranar da tanki ya ƙafe, ranar da aka dafa ruwa a murhu saboda sanyi, ranar da babu wutar da za a tura ruwa sama. Mai wanka da bokiti tsugunawa yake yi ko ya zauna a kan 'yar kujera. Wanda ya tsuguna yana cin wajen santimita 60 a faɗi, 70 zuwa 80 daga yatsun ƙafa zuwa baya. Bokitin lita 20 bakinsa ya kai 30 zuwa 35, ga kwandon soso, ga moɗa. Ka haɗa waɗannan, ka riga ka haura mita ɗaya da santimita goma. Uwa mai yi wa yaro wanka ta fi haka buƙata, don ita da yaron da baho ne za su shiga, bahon kuma shi kaɗai ya kai rabin mita. Idan Allah Ya kawo ƙaruwa, wankan jego ma nan za a yi shi, da babban baho da mai taya ta. Ita kuma Inna, yau tana iya yi wa kanta, amma ciwon gwiwa na tsufa yakan ƙaru, watarana mai yiwuwa sai wata ta tsaya a gefenta ta riƙe ta ko ta cuɗa mata baya. Mutum biyu ba sa shiga 80 da 80 ko da an matsa su.

Saboda haka in za a jera girma-girma, 90 da 90 shi ne na babban mutum ɗaya da zai yi wanka a tsaye ba tare da ya takura ba. 90 da 120 shi ne inda ake fara sakewa, bokiti ya samu wurinsa, mutum ya sunkuya ya wanke ƙafa bai buga goshi da kan famfo ba. 90 da 150 shi ne na gida irin naka. Abin da ya wuce 100 da 180 kuwa ɓarnar tayil ne, kuma a watan Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, babban fili sanyi yake tarawa, tururin ruwan zafi bai isa ya ɗumama shi ba. Wannan damuwar ba taka ba ce, ɗakinka bai kai can ba.

Gani ya kori ji. Kafin a ɗaga guduma, ka samu alli ko gawayi ka zana 75 da 75 a tsakar gida, ka zana 90 da 150 a gefensa. Ka jingina tsofaffin kwalaye ko kujeru a kan layin su tsaya a matsayin bango, don layi a ƙasa kaɗai yaudara yake yi, kafaɗa na tsallake shi ba a sani ba. Mai ɗakinka ta shiga da baho da ƙaramin yaro ta gwada, kai ma ka shiga da bokiti ka tsuguna ka miƙe. Ka kira fulamban ya gani da idonsa.

Ko zai isa ga sauran kayan? Zai isa, amma babu rarar da za a yi wasa da ita. Ƙafa 5 da ƙafa 8 sun yi santimita 152 da 244. Mu ɗauka 150 da 240, don idan aka kankare tsohuwar fulasta aka daidaita bangon da ya karkace, dole a ɗan rasa wani abu. Cire 90 na wanka, saura 150. Masai na zama yana son fili mai faɗin 80, wato tsakiyarsa ta yi nisan 40 daga layin wurin wanka. Abin wanke hannu mai faɗin 50 zuwa 55 ya biyo baya ta wajen ƙofa, dukkansu a jikin dogon bango ɗaya don fayif su bi layi guda. Masan yana fitowa kamar 70 daga bango, ka ga saura 80 a gabansa, wanda ya ishi mai ciwon gwiwa ta miƙa ƙafa ta yunƙura. Ka fara duba inda babban fayif ɗin masai mai inci 4 yake a yanzu, domin gusar da shi ne mafi tsada a duk aikin. In ya riga ya faɗo kusa da inda ake so, a bar shi a gyara sauran a kansa. Tunda ana sabon tsari, ka lura da alƙibla ma, wadda a Gombe gabas ce ta ɗan karkata arewa. Malikiyya sun yi rangwame idan cikin gini ne, amma dattijuwa takan fi samun natsuwa idan masai bai fuskance ta ba, bai kuma ba ta baya ba.

Kuskuren da ya fi cinye wuri shi ne a yi awo a kan bulo tsirara. Fulasta tana cin santimita ɗaya da rabi, tayil da abin da ya riƙe shi su ci wani ɗaya da rabi zuwa biyu, kowane bango kenan yana kwashe wajen 3. Ka faɗa wa magini da bakinka cewa 90 ɗin nan bayan an gama manna tayil kake nufi, ka kuma rubuta a jikin bango. Idan ya ba ka shawarar a ja ɗan guntun bango tsakanin masai da wurin wanka, ka ƙi. Bulo mai inci 6 kaurinsa 15 ne, da fulasta da tayil gefe biyu ya haura 20, kuma wannan ashirin ɗin daga wurin wanka ko wurin masai za a zabge ta.

Me zai raba jiƙaƙƙen ɓangare da busasshe kenan? Abu biyu ne zaɓinka, labule ko tsayayyen gilashi ɗaya marar ƙofa. Gilashin ya fi kyan gani, amma a gidanka labule ya fi amfani, ko da fulamba zai ce ka yi ƙauyanci. Idan aka zuge labule duk tsawon 150 ɗin a buɗe yake, mai taimakon Inna ta tsaya a busasshen wuri ta miƙa hannu, baho ya shiga ya fita ba a karo da komai. A kafa sandarsa ta ƙarfen da ba ya tsatsa a tsayin 195 zuwa 200, a ɗaure ta da kusoshi masu murɗi a cikin bango, kada a sa irin wadda ake tokarawa kawai, don ranar da yaro ya yi lilo da labulen ko dattijuwa ta kama shi za ta zubo. Ƙasan labulen ya sauka cikin wurin wanka, ya rage kamar yatsa biyu ya taɓa tayil. In dai ranka ya kafe a kan gilashi, to faɗinsa kada ya wuce 80 don a bar mashiga 70, kaurinsa milimita 8 ko 10, kuma lallai ya zama gasasshen gilashin nan da idan ya fashe yake marmashewa kamar tsakuwa. Gilashin taga na gama-gari idan ya fashe wuƙaƙe yake zama. Gasasshe ba ya yankuwa kuma ba ya hujuwa bayan an gasa shi, shi ya sa ba a auna shi sai an gama tayil tsaf.

Yanzu ga inda aikin yake lalacewa ko ya yi kyau, wato daɓen ƙasa. Girman wurin wanka ba zai amfane ka ba idan ruwa yana kwanciya. Tunda gidan ba bene ba ne, kana da damar fasa daɓen ka saukar da ɓangaren wanka ƙasa da sauran da santimita 2, ko 3 in ya yi yawa. Wannan ya fi a gina dakalin tare ruwa mai tsayin 10 da ake yawan yi, wanda shi ne ke harɗe ƙafar tsofaffi da yara. Da bene ne da ba mu ce a sassaƙe kankaren benen ba, sai dai a ɗaga sauran ɓangaren. Daga kowace kusurwa ƙasan ya gangaro zuwa rariya da santimita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace mita. In ya gaza haka ruwa zai tsaya, gansakuka ta fito, santsi ya biyo baya. In ya zarce kuma kujera za ta riƙa gurgusawa, mai tsaye ya ji ana jan sa gefe guda. A sa rariyar ta wajen bangon ƙurya, ƙarƙashin inda kan shawa yake, nesa da mashiga, amma kada a cusa ta can cikin kusurwa inda hannu ba ya kaiwa a cire gashi.

Fayif ɗin rariya ya zama inci 2. Wasu fulamba sukan sa inci ɗaya da rabi ko ƙasa da haka don shi ne a hannunsu, kuma idan shawa kaɗai ce zai wuce, tunda lita 8 zuwa 10 take zubarwa a minti. Amma wadda ta tuntsurar da baho ta saki lita 20 ko 30 lokaci guda, ƙaramin fayif ba zai shanye ba, ruwan ya haura ya malale har bakin ƙofa. Shi ma fayif ɗin ya kwanta da gangarar santimita 2 a mita har ya fita waje. Rariyar kuma ta zama mai gwiwar nan da ke riƙe ɗan ruwa a cikinta. Wannan ruwan shi ne murfin da ke hana wari da kyankyasai tasowa daga sokawe. Banɗakin da ke wari bayan an wanke shi tas, yawanci ko ba a sa gwiwar ba, ko iskar hunturu ta busar da ruwanta saboda an daɗe ba a shiga ba.

Ka sa rariya ta biyu a ɓangaren masai, da 'yar gangara ta santimita ɗaya a mita. Mu masu buta ne, ana tsarki, ana wanke ƙasa da ruwa da tsintsiya, kuma ba ka son ruwan da ya bi ta gindin masai ya gangara inda ake tsayawa wankan tsarki ko alwala. Wannan ƙarin kuɗinsa kaɗan ne, kuma shi ke raba mutum da waswasi.

Kumburin bangon ɗakin yara da ka ambata yawanci alama ce ta ɗayan biyu: ko fayif yana yoyo a cikin bango, ko ruwa yana ratsa tsagin tayil yana shiga bulo. Mutane na ɗauka tayil yana tare ruwa, alhali tsakaninsa da ɗan'uwansa ruwa na bi, bulon yashi kuma shan ruwa yake kamar soso. In ba a bi aikin a jere ba, bayan damina biyu za ka koma gidan jiya. A fara kwashe tsohon tayil da duk fulastar da ta ruɓe har a ga bulo, a bar bangon ya sha iska. Fulamba ya ja sababbin fayif, ya toshe bakunansu, a buɗe ruwa a bar su cike kwana guda cur ana duba kowace mahaɗa, kafin a yarda magini ya rufe ko ɗaya. Sai fulasta. Sai daɓe mai gangara, kwano ɗaya na siminti kwano huɗu na yashi mai kaifi wanda babu laka a cikinsa. A ɗakinka, murabba'in mita 3.6 da kaurin kamar santimita 4, buhu ɗaya da ɗan ƙari zai yi, kuma buhu ɗaya kwanon gini biyu ne, ka ga yashi kwano takwas zuwa goma kenan. Ko na Ashaka ne ko wani, ka dai duba kada a ba ka wanda ya fara daskarewa a buhu. A riƙa yayyafa wa daɓen ruwa kwana uku zuwa bakwai, musamman in aikin ya faɗo a zafin Maris da Afrilu, lokacin da siminti ke bushewa kafin ya kama, ya tsattsage.

Bayan ya bushe sai a shafa maganin hana ratsawar ruwa, irin wanda ake kwaɓawa a shafa da burushi. Shafi biyu ake yi, na farko a tsaye, na biyu a kwance bayan na farkon ya sha iska. A wurin wanka ya hau bango har santimita 180, a sauran ɗakin 15 zuwa 20 ya isa. Inda bango ya haɗu da ƙasa da kewayen bakin rariya su ne suka fi yoyo, don haka a cike kusurwar da siminti ta ɗan zagaye kafin shafi. Daga nan a toshe rariya, a tare bakin ƙofa, a cika ƙasan da ruwa mai zurfin yatsa uku, a yi alama, a bari awa 24. Idan ya sauka sosai ko bangon ɗakin yara ya nuna danshi, ba a manna tayil ko guda. Ma'aikata ba sa son wannan jiran don yana cinye musu yini, amma ba a fafe gora ranar tafiya: da zarar tayil ya hau, gyara ya zama fasawa.

Tayil ɗin ƙasa ka zaɓi mai kaushi, 30 da 30 ko ƙasa da haka. Mai 60 da 60 mai sheƙi na falo ne. Babba ba ya bin gangara, sai mai aiki ya shimfiɗa shi lebur ko ya bar baki yana tasowa yana yankar ƙafa, ƙarami kuwa yana bin gangarar daɓen, yawan tsaginsa kuma yana riƙe tafin ƙafa. In kwalin yana ɗauke da alamar R10 ko R11, wannan ma'aunin rashin santsi ne, ka ɗauka. In babu, ka jiƙa guda ɗaya a shagon, ka goga masa sabulu ka murza da tafin hannu. Lissafinka: ƙasa guda 40 na 30 da 30, ka sayi 46 saboda yanka. Bango kuwa idan za a kai tsayin mita 2.1, bayan an cire ƙofa da taga murabba'in mita 14 da rabi ne, wato guda 80 na 30 da 60, ka sayi 88. Ka saye su rana ɗaya daga tari ɗaya, don launin wani zubin yakan ɗan bambanta, ka kuma ɓoye ragowar. Kada a yarda mai tayil ya ɗiga siminti a kusurwa huɗu da tsakiya ya manna. Bayan tayil ya cika fam. Washegari ka bi da kan makulli kana ƙwanƙwasawa, duk wanda ya yi ƙarar ganga akwai rami a bayansa, nan ruwa zai taru, nan kuma zai fashe. Kusurwoyi a cike su da silikon mai hana baƙin danshi maimakon farin siminti, don nan ne gini ke motsi.

Tsayin kaya duk daga saman tayil ake aunawa. Kan shawa 200 zuwa 210, a jikin gajeren bangon wurin wanka, mai 90, don ruwan ya feso ta tsawon 150 ɗin. Abin murɗa ruwa 100 zuwa 110, ta wajen mashiga, yadda za a buɗe shi ba tare da ruwan farko mai sanyi ko mai ƙuna ya sauka a ka ba. Sai famfon ƙasa na cika bokiti da alwala a tsayin 55 zuwa 60, bakinsa ya fito isasshe don ruwan ya faɗa tsakiyar bokiti. Wannan famfon shi za a fi murɗawa a gidan, ka sayi mai nauyi na tagulla. Ka ƙara shawar hannu mai tiyo mita ɗaya da rabi, da maƙalinta a ƙasa-ƙasa inda mai zaune za ta kai.

Don Inna, a kafa ƙarfen riƙewa a kwance a jikin dogon bangon wurin wanka, mai 150, tsayin 85 zuwa 90, wani kuma a tsaye a bakin mashiga, na uku a gefen masai. Bulonmu mai rami ne, kusa ba ta kama iska, saboda haka tun kafin fulasta a nuna wa magini wuraren ya cike ramukan da kankare. Kada a ɗauki sandar rataye tawul a matsayin abin riƙewa, ba a yi ta don ɗaukar nauyin mutum ba. Kujera kuma, maimakon a gina dakali na dindindin ya cinye 40 daga filin, ka samo mai ƙafafun roba da ba sa zamewa, tsayinta 43 zuwa 48. 'Yar tsugunno ba ta mai ciwon gwiwa ba ce, zama a kanta sauƙi ne, tashi ne aiki. Ƙofar banɗakin ta riƙa buɗewa waje, faɗinta 75 zuwa 80. Idan mutum ya faɗi a bayan ƙofar da ke buɗewa ciki, jikinsa ne zai tokare ta, masu ceto na waje.

Batun tankinka. Ƙarfin ruwa daga tsayi yake zuwa, kowace mita goma tana ba da abin da ake kira "bar" ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin turin ruwa. Ƙarfenka mita 3 ne da ɗan kai, kan shawa yana mita 2, ka ga tazarar gindin tanki da shawa mita ɗaya ce tak, biyu in tankin ya cika. Da wannan, faffaɗan kan shawar nan mai kamar faranti ɗiga kawai zai riƙa yi. Ka ɗauki ƙarami, inci 4 zuwa 6. A sauko daga tanki da fayif inci ɗaya, a rage zuwa kwata uku a cikin gida, sai a bakin famfo a koma rabin inci, a kuma rage yawan gwiwoyi don kowace na cin ƙarfi. In hali ya yi, a ƙara wa ƙarfen tsawo har gindin tanki ya haura shawa da mita 3 zuwa 4, ko a sa ɗan injin ƙara ƙarfi, sai dai shi yana bin wuta. Amma ka san abin da kake saye: shawa mai lita 9 a minti, wankan minti takwas ya kwashe lita 72, kusan jarka uku ta lita 25, tankin lita 1,000 kenan wanka goma sha huɗu. Bokiti lita 20 ne. A garin da idan ruwan famfo na madatsar Dadin Kowa bai zo ba sai an kira tanka, kuma burtsatse sai an nutsa ƙasa sosai, mai ɗakinka za ta koma kan bokiti ko ba ka ce ba, wanda shi ne dalilin ba shi wurinsa tun a zane.

In za ka sa hita, wato tukunyar dafa ruwa ta lantarki, mai lita 15 ko 30 ya wadatar, a rataye ta a busasshen ɓangare can sama inda feshi ba ya kaiwa. Makunninta ya zauna a waje da banɗakin, a ja mata wayar ƙasa ta gaske, wato wadda ke kare mutum daga jan wuta, kada kuma a toshe ɗan bakin da ke ɗigar da ruwa idan zafi ya yi yawa, shi ne ke sauke mata ƙarfin da ya taru. Layin ruwan zafi a yi shi da koren fayif ɗin nan na PPR da ake haɗawa da wuta, don farin PVC na ruwan sanyi yana laushi ya saki gam. Soket kuwa kada a sa ko ɗaya a ɓangaren wanka. Taga mai 60 da 60 a tsayin 160 zuwa 170, da ragar sauro, ta ishi tururi fita, ƙasan tagar kuma a ɗan karkato shi ciki don kada ruwa ya kwanta a kai.

Ka riƙe wani kaso na kuɗin mai tayil da na fulamba har ranar gwaji. A ranar, ka cika bokiti biyu, ka sheƙa ɗaya daga kusurwar da ta fi nisa da rariya, ɗayan a gindin masai, ka tsaya ka kalla. Cikin minti biyu ya kamata ruwan ya tafi, kowanne ta rariyarsa, ba tare da ya bar kududdufin da ya fi tafin hannu ba. In ya kwanta a wani wuri, ka zagaye wurin da alli tun ƙasan bai bushe ba, a ɗaga tayil ɗin nan a gyara kafin ka biya ragowar.